Amsar tambayarka kan ƙaho da gasa ƙafar Alhaji

Assalamu alaikum, ɗana. Na ga saƙonka. Ka ce wata 8 ke nan da aka sa wa mahaifinka ragar ƙarfe a jijiyar jinin cinya da ta toshe, ga shi ciwon sha-raɓa ya dawo, ko masallacin unguwa ba ya kaiwa sai ya tsaya ya huta. Hajiya Babba ta ce sanyi ne da mataccen jini, a kira wanzamin gida ya yi masa ƙaho, a riƙa gasa ƙafar da ruwan zafi kamar yadda aka gada. Kana tambaya ko a bi al'ada.

Kada aska ta taɓa ƙafar nan, kada ruwan zafi ya taɓa ta. Wanzami yana da gurbinsa a gidanmu tun kaka da kakanni, amma ƙaho jinin fata yake tsotsa, toshewar kuwa tana can cikin nama, inda ƙaho ba ya kaiwa. Ƙafar da jini ba ya isar ta, tsaga ɗaya kan zama gyambon da ba ya warkewa, ga shi yana shan maganin tsinka jini. Sannan mai ciwon suga sau da yawa tafin ƙafarsa ba ya jin zafi, sai ya ƙone bai sani ba. Haka kaskon garwashi da hunturu. Masu yawon yankan farce ma a sallame su.

Ragar da likitoci ke kira sitent ɗan bututu ne na saƙaƙƙiyar waya, faɗinsa a cinya kamar milimita 6, aikinsa ya tokare jijiya ta zauna a buɗe. Ba ta warkar da cutar da ta toshe jijiyar tun farko. Idan ta toshe a watan farko, yawanci gudan jini ne: ko an daina shan magani, ko ragar ba ta buɗe sosai ba, ko jijiyoyin da ke ƙasa da ita sun tsuke jini ba ya samun wucewa. Wadda ta fi kama da ta Alhaji ita ce toshewar da ke zuwa daga baya. Jiki yana ɗaukar ragar a matsayin rauni, sai tsoka ta tsiro ta cikin ramukanta kamar tabo, hanya ta yi ta raguwa, galibi cikin shekarar farko. Akwai kuma karyewar waya, domin jijiyar cinya da ta bayan gwiwa kullum cikin lanƙwasa da murɗewa suke. Wani lokaci ragar lafiyarta lau, kitse ne ya toshe sama ko ƙasa da ita. Taba, suga, ciwon ƙoda da doguwar raga duk suna gaggauta wannan.

Cikin makon nan ku koma wurin likitan da ya yi aikin, ko ku je Asibitin Malam Aminu Kano, da takardar sallama da duk kwalayen magani. Za a taɓa bugun jini a makwancin cinya, bayan gwiwa da ƙafa, a auna ƙarfin jini a idon sawu a raba da na hannu. Ƙasa da 0.9 alamar toshewa ce, kuma in ya faɗi da 0.15 daga awon baya, akwai zargin ragar ta tsuke. Daga nan sai sikanin jijiya. In za a yi hoton da ake ɗura ruwan rini, a fara gwada ƙoda.

Gyaran ya danganta da abin da aka gani. Tsukewa ana zura siririn bututu a hura balan-balan a cikin ragar, an fi son mai ɗauke da maganin hana tsokar sake tsirowa. Akan kankare tsokar, ko a sa wata raga mai rufi. In toshewar doguwa ce ko ta yi ta dawowa, sai tiyata: a ciro jijiya daga ƙafarsa a yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye wurin.

Wannan ka karanta wa kowa a gidan. In ƙafar ta ɗauki ciwo farat ɗaya, ta yi sanyi, ta koɗe, ta yi nauyi ko yatsu suka ƙi motsi, ko tsakar dare ne a tafi asibiti. Cikin awa 6 nama yake fara mutuwa. Can za a ba shi allurar hefarin mai hana jini daskarewa, a narkar da gudan jinin ko a ciro shi. Ciwon da ke tashinsa daga barci sai ya sauko da ƙafa daga gado, ko yatsa ya fara baƙi, shi ma ba na jira ba ne, kuma kada a ɗora ƙafar kan matashi.

Ka bincika da kanka ko yana shan magungunan tsinka jini, wato asfirin da kilofidogirel, yadda aka rubuta, da maganin kitse. Dattawanmu da sun ji sauƙi sai su ajiye. Ko da azumi ba a tsallakewa, a tambayi likita a mayar da su sahur ko buɗa-baki. Jiƙo da sassaƙen Kasuwar Kurmi a dakata da su, haka magungunan ciwon jiki na kemis, domin suna taɓa ƙoda da ciki. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu, ya riƙa sa takalmi ko a tsakar gida. In likita ya yarda, ya yi tafiyar minti 30 sau 3 a mako, in ciwo ya taso ya huta ya ci gaba.

Dubiya, addu'a da sadaka a ci gaba da su. Hajiya kuwa kada ka yi musu da ita, ka bar min, zan shigo bayan sallar Juma'a mu zauna. Allah Ya ba shi lafiya.

Baffanka