Yadda Hanibal ya yi wa Rumawa kwanton ɓauna a bakin tafkin Tirasimeno

Tambaya: Malam, na ji an ce Hanibal na Kartaj ya taɓa ɓoye rundunarsa kaf a bayan tuddai, ya rutsa da sojojin Rum a bakin wani tafki. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya dubban mutane da dawakansu za su ɓuya ba a gan su ba? Ko dai kwamandan Rumawan ne ba shi da wayo?

Amsa: Malam, yaƙin da kake nufi an gwabza shi ne a watan Yunin shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, a gaɓar arewa ta tafkin Tirasimeno da ke tsakiyar Italiya. Kartaj kuwa birni ne da kufansa ke gefen Tunis ta yau. Shekara guda kafin nan Hanibal ya taso daga Sifaniya, ya ƙetare duwatsun Alps, ya kuma ragargaza Rumawa a bakin kogin Tirebiya.

A wancan zamani Rumawa na zaɓen shugabanni biyu duk shekara, su ne kuma ke jan yaƙi. A shekara ta 217 shugabannin su ne Filaminiyus da Sarbiliyus. Filaminiyus ya kafa sansani a garin Aretiyum, Sarbiliyus kuma a garin Ariminum, kowa ya tsare hanya ɗaya ta shiga kudu. Sai Hanibal ya ratsa ta fadamun kogin Arno, inda ba a yi zato ba. Kwana huɗu da dare uku mutanensa suna tafe cikin ruwa da taɓo, shi kansa ya kamu da ciwon ido har ido ɗaya ya mutu. Da ya fito sai ya wuce sansanin Filaminiyus, ya shiga ƙone gonaki da ƙauyukan yankin Etururiya, hayaƙi na tashi Rumawa na kallo.

A nan nake ganin ana yi wa Filaminiyus rashin adalci. Abokin gaba ya shiga tsakaninka da babban birninku, yana cinye dukiyar ƙawayenku, me za ka yi in ba ka bi shi ba? Ga shi kuma yana sa ran in ya matsa masa daga baya, Sarbiliyus zai tare shi daga gaba. Mutumin nan ba baƙon yaƙi ba ne, ya taɓa cin ƙabilar Insubri, wani reshe na mutanen Gol mazauna arewacin Italiya, da yaƙi a shekara ta 223. Sai dai ya daɗe yana takun saƙa da manyan majalisar dattawa tun da ya kawo dokar raba wa talakawa filaye a 232, kuma marubutan tarihi Folibiyus da Libi, waɗanda ta hannunsu labarin ya iso mana, sun fi karkata ga bakin manyan. Da ya mutu, sai aka jibga masa laifin duka.

Laifinsa na gaskiya ɗaya ne, kuma babba ne: ya shiga ƙuntatacciyar hanya bai tura 'yan leƙe sun duba tuddai ba.

Ka dubi wurin. Hanya ta bi ta wani matsattsen mashigi, tafki a dama, tuddai a hagu, sannan ta ɗan buɗe ta zama fili wanda tuddai suka yi wa ƙawanya. Hanibal ya ajiye dakarunsa na Afirka da Sifaniya a kan tudun da ke can gaba, a fili, don a gan su. Cikin dare ya jera sauran a bayan tuddai: masu majajjawa na tsibiran Baliyar da masu ƙananan makamai, sai mayaƙan Gol, sai mahaya dawakai kusa da bakin mashigin don su toshe shi. Wannan shi ya fi burge ni. Mutane ne masu harsuna daban-daban, amma suka tashi cikin duhu, kowa ya kama wurinsa, suka yi tsit har gari ya waye. Samun irin wannan biyayya ya fi tsara dabarar wuya.

Da asuba hazo mai kauri ya taso daga tafkin ya rufe kwarin, alhali waɗanda ke kan tuddai suna ganin juna. Rumawa suka shigo a jere, dogon sahu na tafiya, ba shirin faɗa ba. Ƙarfin sojan Rum yana cikin tsayuwa sahu-sahu, kowa ya san wurinsa da tutarsa. A ranar ba su sami sukunin yin haka ba. Ihu suka fara ji ta ko'ina kafin su ga mai yin sa. An yi kamar awa uku ana kashe-kashe. Wasu suka faɗa tafki, sulke ya nutsar da su, waɗanda suka tsaya ruwa iya wuya kuma mahaya suka bi su suka gama da su. Libi ya ce har girgizar ƙasa aka yi a lokacin, mayaƙan ba su lura ba. Ya kuma ce wani bardan Insubri mai suna Dukariyus ne ya soke Filaminiyus da mashi.

Marubutan biyu sun ce Rumawa kimanin 15,000 suka mutu. Asarar Hanibal kuwa Folibiyus ya ce 1,500 ce, galibi mutanen Gol, Libi ya ce 2,500. Mutum 6,000 na sahun gaba sun fasa sun fita, amma Maharbal, wani kwamandan Hanibal, ya bi su, washegari suka miƙa wuya. Bayan 'yan kwanaki ya tare mahaya 4,000 da Sarbiliyus ya turo gudummawa, ya kashe wasu, ya kama sauran.

Hanibal ya riƙe fursunonin Rum, ya saki na sauran garuruwan Italiya ba kuɗin fansa, yana cewa da Rum yake yaƙi, ba da su ba. Makaman ganima kuma ya raba wa dakarunsa na Afirka. A Rum aka naɗa Fabiyus Maksimus shugaba mai cikakken iko na wata shida, ya riƙa bin Hanibal ta kan tuddai yana ƙin yarda a kara a fili. Da wa'adinsa ya ƙare Rumawa suka gaji da haƙuri, suka fito da rundunar da ta fi ta Filaminiyus girma, Hanibal ya kewaye ta ya murƙushe a Kanne a shekara ta 216.