Amsa kan wuƙar ƙwaƙule cikin cokalin katako

Malam, ka ce wuƙarka mai lanƙwasa tana yagar itace maimakon yanka, kuma kana tunanin sayen sabuwa. Ni dai a ganina wasawa take buƙata.

Kada ka kai ta wajen masu wasa wuƙa da inji, zafin dutsen zai kashe taurin ƙarfen. Nemi samfefa mai lamba 600 da mai 1000, ka manna a falle-fallen katako, ka riƙa goga bayan bakin kana bin lanƙwasar har ka ji ɗan kaifi ya tattaro ta ciki. Sannan ka naɗa samfefar a siririn sanda ka share cikin a hankali, cikin ba ya son ci da yawa. Ka ƙarasa da goga bakin a kan fata.

In sayen ya zama dole, Morakniv 164 ta Suwidin baki ɗaya gare ta, za ka iya tura bayanta da babban yatsa. Morakniv 162 kuwa baki biyu ce, tana yanke masu koyo. Ita 164 ɗin akwai ta dama da ta bahago, ka duba kafin ka biya. Kuma itacen ya kasance ɗanye, busasshe shi ke dakusar da baki da wuri.