Amsa ga mai tambayar ko dole sai ya je Legas zai kai ƙarar kamfani

Malam, ka ce ka sayi injin niƙa a reshen wani kamfani da ke Kano, hedikwatarsu na Legas, injin ya zo a lalace, sun hana ka kuɗinka, kana tambaya ko sai ka tafi Legas. A'a. A rikicin ciniki kana iya shigar da ƙara inda aka ƙulla cinikin, ko inda ya kamata a cika shi, ko inda kamfanin yake gudanar da kasuwanci. Kai duka ukun sun haɗu maka a Kano.

Inda mutane ke faɗawa rami ba a zaɓen gari ba ne, a zaɓen kotu ne. Ni ma na faɗa. Wani kamfanin taki ya riƙe min kuɗi, sai na ɗauka tunda a Abuja aka yi masa rajista, ai Babbar Kotun Tarayya ce mai hurumi. Muka yi ta zarya Gyaɗi-Gyaɗi, inda kotun take a Kano. Lauyansu bai ko taɓa maganar takin ba, cewa kawai ya yi kotun ba ta da hurumi. Alƙali ya yarda, ya kori ƙarar, muka koma Babbar Kotun Jiha daga farko. Kuɗin lauya sau biyu! Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kotun tarayya rikicin da ya shafi tafiyar da kamfanin kansa, kamar rigimar masu hannun jari da daraktoci. Bashi da saɓa alkawarin ciniki kuwa na kotun jiha ne, Kotun Ƙoli ta faɗi haka tun 2005. Da ma'aikacinsu ne kai aka sallama, da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ka nufa.

Kafin komai, ɗauko rasit ko takardar yarjejeniyar ka karanta ƙananan rubutun bayanta. Wasu kamfanonin sukan cusa sharaɗin cewa sai an fara zuwa gaban mai sasanci, ko su ambaci wata kotu. In ka sa hannu a kai, da shi za su fara kare kansu. Sannan idan Legas za a kai sammacin, akwai rubutun da doka ta ce sai an yi a jikinsa, kuma sai an ba su aƙalla kwana 30. Tuna wa lauyanka, sukan manta.

Kada ka ɗauka masu ƙananan ƙararraki kaɗai wannan ke wahalarwa. Iyayen yaran da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi wa gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 sun kai ƙara New York a 2001, aka ce su koma Najeriya. Sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta buɗe musu ƙofa. Shekara takwas ana gardamar wurin zama kawai.

Nawa ne kuɗin injin? In bai yi yawa ba, kotun ƙananan basussuka ta Kano za ta fi maka sauri.