Cukun Fulani a Shago: Firiza Za a Fara Saya ko Kaya?

Wata 'yar kasuwa da ke sayar da fura da kindirmo a Unguwar Rimi, nan Kaduna, ta aiko da tambaya. Ta tara naira 200,000, masu saye kuma sun dame ta da tambayar cuku. Tana so ta san yadda ake gane mai kyau, da kuma ko ta zuba kuɗin a firiza tukuna.

Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Ki ajiye maganar firiza a gefe. Da irin wutar da muke samu, kuɗinki zai kwanta a cikin ƙarfe, kayan kuma ba su tsira ba. Abin da zai riƙe miki masu saye shi ne ki iya zaɓe, ki kuma samu mace ɗaya mai yi wadda kika amince da hannunta.

Cuku iri biyu ne ke shigowa kasuwanninmu. Akwai ɗanye na matan Fulani, wanda wasu ke kira awarar madara, Yarabawa su ce wara. Ana ɗora madarar shanu a wuta kaɗan-kaɗan, a zuba ruwan tumfafiya, ta kama, a kwashe a tsane a ƙananan kwanduna. Shi ya sa za ki ga zanen kwandon a jikinsa. Sai busasshen cukun Nijar, na wajen Agadas da Tawa, fale-fale kamar faifai, wanda ake ci da shayi ko a daka a fura. Wannan yana yin watanni idan bai ga damshi ba, sai dai ki duba kada ya yi fumfuna ko ya yi laushi.

Ɗanyen ne ke da riba, shi ne kuma ke cin jari. Ki sa a ciro miki ɗaya daga cikin ruwansa, ki danna da yatsa. Mai kyau zai lotsa ya dawo, fari ne mai ɗan ruwan ƙwai, yana ƙamshin madara. In kika ji yauƙi a hannu ko tsami a hanci, ya kwana biyu, ki bar shi ko da kyauta ne. Ki gutsura ki ɗanɗana: ɗaci alama ce tumfafiya ta yi yawa. Ki kuma kula da warin waken suya, domin akwai masu haɗawa. Awarar wake abinci ce mai kyau, ina cin ta, amma ba daidai ba ne a sayar da ita da kuɗin madarar shanu.

Ga lissafin da nake so ki riƙe. Kusan lita 5 na madara ke ba da kilo 1 na cuku. Ki tambayi kuɗin lita a ranar, ki ninka sau 5, ki ɗora itace da wahalar mai yi da kuɗin mota. Duk wadda ta sallama miki ƙasa da haka, ki tambayi kanki me ta zuba a tukunyar. Saniyar Bunaji, wato farar saniyar Fulani, ba ta ba da madara mai yawa, da rani kuma sai ta ƙara ja baya, don haka kada ki yi wa masu saye alkawarin farashi ɗaya shekara guda.

Wajen samowa, makiyayar Ladduga da ke ƙaramar hukumar Kachia cike take da masu shanu, amma ba sai kin je da kanki ba. Ki fara da matan da ke kawo miki nono yanzu. Ki ba ɗaya kuɗin kafin alkalami na mako guda, ki saya mata robobi masu murfi, ku tsayar da ranaku biyu na kawowa. Yana damuna ƙwarai in ga ana matse waɗannan matan a ciniki. Wadda kika biya da kyau ita za ta ware miki na safe.

Ɗanyen cuku ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 a ruwansa. Don haka ki tattara oda ta WhatsApp kafin ranar kawowa. Abin da ya rage da yamma ki tafasa shi da gishiri, ko ki soya ki sayar da yaji. A Jamhuriyar Benin har da karan dafi suke dafa shi, ya yi ja.

Ki fara da naira 40,000, sauran ki bar su a asusu. In kika yi wata uku kaya suna ƙarewa kafin la'asar, ki sake rubuto mini mu yi lissafin firiza mai sola, da rajistar NAFDAC idan kina son kai wa manyan kantuna.