An ba ni gurbin digirin digirgir ba tallafi, in biya kafin alƙalami?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, kuma burina in yi bincike kan harsunan shirya manhaja, musamman tsarin nau'i (ƙa'idojin da ke tantance irin bayanan da manhaja ke aiki da su) da tabbatar da ingancin kwamfaila (manhajar da ke fassara abin da aka rubuta zuwa umarnin da kwamfuta ke bi). Wani ejan ya samo min gurbi a wata jami'a a Ingila, sai dai babu tallafi. Ya ce in biya kafin alƙalami cikin mako biyu, wai idan na isa can sikolashif zai fito. Bashi zan ci in biya. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka biya, kada ka ci bashin. Ka je ka yi barcinka, babu abin da ya kuɓuce maka.

A fagenmu kuɗi tare da gurbi yake zuwa. Farfesa ya samo kuɗin bincike daga hukuma irin NSF a Amurka ko ERC a Turai, a cikinsa akwai kason ɗalibi, sai a tallata gurbin, a ɗauki mutum. A manyan sassan kwamfuta na Amurka, in an ɗauke ka za a ɗauke maka kuɗin makaranta, a riƙa ba ka alawus, kai kuma ka taya koyarwa ko bincike, shekara 5 zuwa 6. Galibi a watan Disamba ake rufe karɓar takardu, kuma digiri na farko ma ya isa. A Holan da Suwidin da Siwizalan, da mafi yawan guraben kwamfuta a Jamus, ɗalibin digirgir ma'aikaci ne mai kwantiragi da albashi.

Ingila ce ke ruɗa mutane. Kuɗin makarantar baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, saboda haka gurbi maras tallafi ba wuyar samu gare shi ba ga wanda ya cika sharuɗɗa. Tun 2021 hukumar UKRI, mai raba kuɗin bincike a Birtaniya, ta buɗe tallafinta ga baƙi, amma ta ƙayyade kada su wuce kashi 30 cikin 100. Kuma kafin a fara karatu ake raba wannan tallafin, ana gasa a kansa. Wanda ya riga ya zo da kuɗinsa, wa zai bi shi da sikolashif?

Yanzu ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai na haɗu da mai wannan tunanin, cewa gurbin digirgir haja ce da dillali ke samowa, kuɗi kuma ya biyo baya. Cinikin biri a sama ke nan. Ejan ba ya zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai, ba shi da ta cewa a kuɗin binciken kowa. Wasunsu ma jami'a ce ke ba su la'ada a kan duk ɗalibin da ya biya, to ka ga ribarsa tana cikin ka biya ɗin. Mako biyun nan kuwa, don kada ka samu sararin tambayar irina ne.

Ɓarnar ba a aljihu kaɗai take tsayawa ba. Na sha buɗe imel da safe in ga wasiƙar neman gurbi, irin wadda ejan ke rubuta wa ɗalibi, tana yabon "gagarumin aikina" a fannin da ban taɓa yin ko shafi ɗaya a kai ba. Kafin azahar abokin aikina na ofishin gaba ya turo min irinta, kalma da kalma, har da sunan wani farfesa daban da aka manta ba a goge ba. Tsarin binciken da ke maƙale da ita kuma ya lissafa harsunan shirya manhaja tara da ɗalibin ya iya. Wa ya tambaye shi? Ba a auna mai binciken harsuna da yawan harsunan da yake rubutu da su. Fagen nan ƙarami ne, mutanen da ke haɗuwa a manyan tarukanmu na POPL da PLDI da ICFP da OOPSLA duk shekara sun san juna, suna kuma hira. Yaro mai ƙwazo sai ya ɓata sunansa da kuɗinsa, a hannun mutumin da bai san bambancin kwamfaila da allon rubutu ba. Wallahi abin na ba ni haushi.

Tunda tabbatar da kwamfaila kake so, ka karanta aikin CompCert, kwamfailar harshen C da aka tabbatar da ingancinta, na Xavier Leroy a Inria ta Faransa, da RustBelt, aikin tabbatar da tsarin nau'in harshen Rust, na ƙungiyar Derek Dreyer a cibiyar Max Planck da ke Saarbrücken, wanda aka gabatar a POPL ta 2018. Ka zauna da littafin Software Foundations, kyauta yake a intanet, ka warware atisayensa da Rocq, manhajar tantance hujjar lissafi, wato Coq da aka sauya wa suna a 2025. In takwararta Agda ta fi kwanta maka, duba mutanen jami'ar Chalmers a Suwidin. Sannan ka gina ɗan ƙaramin harshe naka, ka kawo hujjar ingancin tsarin nau'insa, ka ɗora a GitHub, shafin da masu shirya manhaja ke baje aikinsu. Da wannan za ka rubuta wa malamai biyar ko shida, kowa da wasiƙarsa, kana faɗin takardarsa da ka karanta da inda ta tsaya maka. Ka nemi PLMW, bitar da ake yi wa masu tasowa a gefen waɗancan taruka, tana ɗaukar nauyin tafiyar wasu ɗalibai. Shirin SIGPLAN-M kuma yana haɗa mutum da mai ba shi shawara kyauta.

Jami'ar Ingilar kuwa, rubuta wa sashen kai tsaye, ka tsallake ejan. Ka tambayi wane malami ne ya amince zai duba aikinka, wa zai biya kuɗin makaranta a farashin baƙo, nawa ne alawus, na shekara nawa. Ka ce a rubuce kake son amsa. In sun ce babu tallafi, ka yi godiya, ka tambayi ranar da za su buɗe gasar tallafin baɗi.