Amsa: Tomcat na mutuwa duk ƙarshen wata, in ƙara RAM?

Ɗan'uwa, da na ga ka ce sabarku ta Tomcat (shirin da ke gudanar da manhajojin yanar gizo na Java) tana jefo OutOfMemoryError (kuskuren ƙarewar memori) duk ƙarshen wata, tana koro ma'aikata daga manhaja suna tsakar aiki, wallahi tausayinka ya kama ni, don na sha wannan wuya. Kar ka ƙara RAM tukuna, ɗage ranar mutuwar kawai zai yi.

Mu tamu manhajar albashi ce. Ɗan kwangilar da ya rubuta ta, Allah ya shirye shi, ya je fayil ɗin saiti na web.xml ya mai da session-timeout (wa'adin seshon, wato bayanan da saba ke riƙewa a memori na duk wanda ya shiga manhaja) -1, wai don kada manya su gaji da sake buga kalmar sirri. Tomcat minti 30 yake ba seshon da ba a taɓa ba kafin ya share shi, ɗan kwangilar kuwa ya ce kar ya mutu har abada. Ga shi duk rahoton da mutum ya buɗe, jerin sunayen ɗungurungum yake dannawa cikin seshon. Ranar biyan albashi saba ta kwanta. Oga ya tsaya a kaina gaban akawu da masinja yana cewa ban san aikina ba, ni da ban rubuta ko layi ɗaya ba. Ɗan kwangilar kuwa ya karɓe kuɗinsa ya kashe waya. Da ya ga dama ya ɗauka, cewa ya yi a wurinsa lafiya lau take aiki. A kwamfutarsa, shi kaɗai! Har yau in na tuna raina ɓaci yake, ko haƙuri ba wanda ya ba ni.

Sa -XX:+HeapDumpOnOutOfMemoryError a saitin Java na sabar, don ta juye abin da ke memori cikin fayil in ya ƙare; in ta sake mutuwa ka buɗe fayil ɗin da manhajar binciken memori ta Eclipse MAT, za ka ga abin da ya cinye memorin da idonka. Ka kuma duba shafin da mai raba lodi (load balancer, mai rarraba buƙatun masu amfani ga sabobi) yake taɓawa don ya ga ko saba na da rai. In shafin JSP ne (shafin yanar gizo na Java), duk taɓawa sabon seshon yake buɗewa, tunda mai raba lodin ba ya dawo da kukin JSESSIONID, wato lambar da saba ke gane seshon da ita. Sa session="false" a shafin ne maganinsa. Wannan ma mun tarar da shi a tamu.

A seshon ka bar lambar mai amfani da matsayinsa, sauran a ɗauko daga rumbun bayanai in an buƙata. Af, kuma duk kwangilar da za ku bayar nan gaba, kar a biya cikon kuɗi sai an gwada manhajar da lodin mutane da yawa, a rubuce a takarda.

Za a ce maka ka koma Redis da Spring Session, wato a ajiye seshon a wani rumbu daban a wajen Tomcat. Yana da kyau, ko saba ta sake tashi ba wanda za a koro. Amma sai ka rage kayan tukuna, in ba haka ba kowace buƙata sai ta jawo wannan tulin ta kan netwok, kuma duk abin da ba Serializable ba (wanda Java ba za ta iya juya shi don ajiya ko aikawa ba) zai fashe maka. Turo mana abin da MAT ya nuna mu duba tare.