Fitilar motata na dishewa in wufa ta buga

Tambaya: Malam, na sa amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai wat 1000 da wufa (lasifikar bas) a motata, to da bas ya buga sai fitila ta dishe, batir ne ya mutu? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa ba lallai batir ba ne, mai yiwuwa altaneto, wato injin da ke cajin batir in mota na aiki, shi ne ya gaza. Wat 1000 a kan bolt 14 yana jan sama da amfiya 70, ga AC ga fitila duk a wuyansa, ina zai iya? Ka je wajen mai wayarin ya sa waya mai kauri, ta tagulla, ya kankare fenti kafin ya ɗaura at, wato wayar negatif, a bodi, fiyus kuma kusa da batir. Kafasita dai, wadda wasu ke haɗawa da amfilifaya don wannan matsalar, ba ta haifar da wuta, ajiya kawai take, in abin ya ƙi sai babban altaneto.